Injiniya Tushe da Masu Kutse

Duk unguwar da Allah ya nufa da alheri, yakan jefo mata mutum ɗaya wanda ya san komai. Mu namu rabon shi ne Injiniya Tushe, shugaban ƙungiyarmu ta masu amfani da Linux, manhajar nan da ke tafiyar da kwamfuta. Shi ya kafa ta, shi ne ubanta, shi ne kuma mai magana da yawunta. Muƙamai huɗu a kafaɗa ɗaya, amma ko sau ɗaya ban taɓa jin bawan Allahn nan ya yi ƙorafin nauyi ba.

Kada ka wahalar da kanka da tambayar makarantar da ta ba shi injiniyancin. Irin wannan ilimi ba a aji ake koyonsa ba, saukowa yake yi. Sunan Tushe kuwa shi ya raɗa wa kansa. A Linux akwai wani asusu da ya fi kowane asusu iko, in ya ce a share an share, ba mai tambayarsa dalili. Injiniya ya zauna ya fassara sunan asusun da Hausa, ya juya shi a baki sau biyu, ya ji ya zauna masa daram. Tun daga ranar, in ka kira shi da sunan da iyayensa suka sa masa sai ya waiga ya ga da wa ake.

Laftof ɗinsa kaɗai ta isa ta sa ka shiga taitayinka. Murfinta ya cika da sitika har ba wanda ya san launinta na asali. In ya buɗe ta a gaban jama'a ba ya taɓa linzami, wato maus, ya ce linzami na masu koyon tafiya ne. Baƙin allo kawai za ka gani, koren rubutu yana ta tsere a kai, shi kuwa ya haɗe gira yana gyaɗa kai. Mun fi shekara muna girmama wannan rubutu mai gudu. Daga baya ne muka gano sunayen fayilolin da ke cikinta yake sa ta jero, daga farko har ƙarshe, in ta gama ya sa ta sake.

Muna haɗuwa kowace Asabar da hantsi a ɗakin baya na wata makarantar koyon kwamfuta. Makarantar ta yayar matarsa ce, shi ya sa mu ma duk Yaya muke ce mata. Ɗakin ba wani abin a zo a gani ba ne: kujerun roba goma sha biyar, fanka mai kuka, da majigin da sai an tokare shi da littafi yake haska bango daidai. Amma ba mu da wani. Yaya ta ba mu shi bisa sharaɗi ɗaya tak, mu kula mata da kwamfutocinta ashirin da wayoyin da suka haɗa su, kada ɗalibanta su rasa intanet.

A ɗakin nan Injiniya yake shayar da mu daga kogin iliminsa. Lacca ɗaya ce, take kawai yake canza mata.

"'Yan'uwa, ku buɗe kunnuwanku, don a nan ne mutane da yawa suke ɓata. Manhajarmu ba ta kyauta ce kawai ba. Ta 'yanci ce! Kyauta daban, 'yanci daban. Kada in ƙara jin wani ya haɗa su!"

An ce a Turanci kalma ɗaya ce take ɗauke da ma'anonin biyu, shi ya sa masu Turancin suke shan wahalar rarrabewa. Mu a Hausa tun kaka da kakanni ba wanda ya taɓa rikita kyauta da 'yanci. Amma Injiniya ya karanta cewa ana rikitawa, don haka duk mako sai ya kwashe minti arba'in yana kwance mana ƙullin da ba mu ƙulla ba. Wani dattijo mai gyaran rediyo da ke zama a kujerar baya ya taɓa ɗaga hannu ya ce, "Shugaba, ai mun gane." Injiniya ya dube shi da tausayi ya ce, "Baba, da ka gane, da ba ka ce ka gane ba."

Ba mu kaɗai muke amfana ba, alherin har gida ya kai. Matarsa malamar lissafi ce. Wata rana tana makaranta ya ɗauki laftof ɗinta ya 'yanta ta daga manhajar kamfani, ba tare da ya dame ta da neman izini ba. Tun daga ranar firintar gidan ta daina magana da laftof ɗin. Duk lokacin jarrabawa sai malama ta zuba tambayoyinta a filashi ta shiga maƙwabta a buga mata. Ita da bakinta ta ce wa Yaya, "Tun da aka 'yanta ni nake yawon gidajen mutane."

To wa yake kula da kwamfutocin Yaya? A rubuce dai Shugaba ne. A aikace kuwa akwai wata mata da ta haura arba'in, ba ta da yawan magana, sana'arta ja wa ofisoshi wayoyin intanet. Ita ta hau tsani ta bi bango da kebul, ta manna wa kowace waya lamba. Ita ta ɗauko wata tsohuwar kwamfuta da aka jefar a sito, ta karkaɗe ta, ta mayar da ita saba, wato uwar da intanet yake bi ta cikinta kafin ya rarrabu zuwa sauran ashirin ɗin. Da Injiniya ya ga irin baiwar da Allah ya yi mata, sai ya naɗa ta sakatariya, ya ce ai mata sun fi maza rubutu mai kyau. Aikinta shi ne rubuta bayanin taro. A bayanin ranar da aka haɗa wayoyin, ya sa ta rubuta cewa Shugaba ya jagoranci aikin. Kuma ba ƙarya ba ne, yana tsaye a ƙasa yana nuni da yatsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ana nan sai jarrabawa ta zo. Ɗaliban Yaya su ashirin sun yi wata uku suna shiri, za su rubuta ta ta intanet ranar Litinin ƙarfe goma na safe. Wanda bai shiga a kan lokaci ba sai bayan wata shida. A cikinsu akwai tela mai rufe shagonta kwana uku a mako don ta zo aji, akwai direban da ya gaji da hanya, akwai wata matar da aka yi wa alkawarin aiki a wani ofis in ta kawo takardar. Yaya kuwa sunan makarantarta ne a kan faifai.

Ranar Asabar Sakatariya ta bi kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya ta gwada. Da ta gama ta ce, "Shugaba, komai lafiya lau. Don Allah kada kowa ya taɓa saba sai an gama jarrabawa."

Injiniya ya yi murmushin manya. "Madalla, Sakatariya. Rubuta a bayanin taro: Shugaba ya ba da umarni kada kowa ya taɓa saba."

Ta rubuta. Abin da ba ta sani ba shi ne, a ƙamus ɗin Injiniya kalmar "kowa" ba ta haɗa da Tushe ba.

Ranar Lahadi da la'asar yana kishingiɗe a falo, malama tana gefe tana duba takardun ɗalibanta, sai kishin al'umma ya motsa masa. Yaya za a yi a ce an yi jarrabawa sumul, kuma ba wani abu da za a nuna a ce wannan aikin Shugaba ne? Ya jawo laftof. Akwai hanyar da mutum zai zauna a gidansa ya shiga kwamfutar da ke wani wuri ta intanet, ya ba ta umarni kamar yana gabanta. Kalmar sirrin saba kuwa tana hannunsa, tun da ba zai yiwu a ce shugaba ba shi da makulli ba. Ya shiga.

Ya samo wani shafi da ke koyar da yadda ake gina wa saba katangar tsaro. Layi biyu ne kacal. Na farko ya ce a rufe kowace ƙofa, ba shiga ba fita. Na biyu ya ce a buɗe wa mai gida tasa, sannan a bi sauran a buɗe waɗanda ake buƙata. A saman shafin akwai gargaɗi da jan rubutu, cewa in daga nesa kake aikin to ka fara da na biyun. Injiniya ba ya karanta gargaɗi. Gargaɗi na 'yan koyo ne.

Ya kwafi layin farko ya danna. Saba ta yi biyayya nan take, ai abin da ya sa muke son Linux ke nan, ba ta musu da mai iko. Ta rufe kowace ƙofa, har da wadda Injiniya yake tsaye a bakinta. Ya rubuta layi na biyu, allo ko motsi. Ya danna, ya ƙara dannawa. Magini ne ya tsaya a waje ya toshe ƙofar ɗaki da bulo, alhali cokalinsa da sauran simintin duk suna ciki.

"Ke, buɗe mana! Ni ne! Ni ne fa!"

Malama ta ɗago kai. "Baban yara, lafiya kake faɗa da kwamfuta?"

"Harkar tsaro ce. Ba za ki gane ba."

Kira ɗaya zuwa ga Sakatariya da ya kashe maganar tun kafin magariba. Makarantar ba nisa, makullin babbar ƙofa yana wurin Yaya, gyaran ba zai ci minti biyar ba in an tsaya a gaban sabar. Amma sai ya buɗe baki ya ce ya yi kuskure, kuma a iya sanina harshen Injiniya bai taɓa ɗaukar nauyin wannan kalma ba. Ya yi ta ƙwanƙwasa ƙofar har ya gaji. Daga nan ya rufe laftof, ya ce bari a bar ta ta kwana, wataƙila ta huce da kanta.

Ba ta huce ba. Litinin ƙarfe takwas Yaya ta buɗe makaranta ta tarar kwamfutoci ashirin sun kunnu tsaf, amma ba wadda ke ganin intanet. Ta kira Injiniya, ta kira Sakatariya, ta aika saƙo a zauren ƙungiya na waya. Mu da ke kusa muka bar abin da muke yi muka garzaya. Sakatariya tana can wani ofis a kan tsani, ta ce ga ta nan tafe. Injiniya ya riga ta isowa, cikin kwat, da laftof a hammata, fuskar nan kamar wanda zai yi jawabin ta'aziyya. Ya tsaya a gaban ɗalibai ya gyara murya.

"'Yan'uwa, ƙannena, ku kwantar da hankalinku. Abin da na daɗe ina hangowa ne ya faru. An kawo mana hari! Masu kutse ne, kuma ba na nan kusa ba. Kuna tsammanin manyan kamfanonin duniya suna barci? Sun ga abin da muke ginawa a ɗakin nan. Sun ga 'yanci yana tsiro, hankalinsu ya tashi. Ni suke nema. Ku kawai tsautsayi ne ya rutsa da ku."

Tela ta fara share hawaye da gefen mayafi. Matar da ke jiran aiki ta kasa zama, sai duba agogo take yi. Ni kaina a lokacin dariya ba ta zo min ba, haushi ne ya cika ni, don na san wahalar da mutanen nan suka sha.

Yaya ta tako har gabansa. "Injiniya, ni ba lacca na kira ka ka yi min ba. Ƙarfe goma in mutanen nan ba su shiga jarrabawarsu ba, ka ajiye min makullin ɗakina. Ku nemi gindin bishiya ku ƙarasa 'yancinku a can."

Tara da kwata Sakatariya ta shigo da ƙurar bango a hannun rigarta. Ba ta tambayi kowa komai ba. Ta wuce sito, ta jawo sabar, ta jona mata kibod da wani ƙaramin allo. Linux tana da wata ɗabi'a, duk wanda ya shigo, da lokacin da ya shigo, da abin da ya yi, sai ta rubuta a kundinta. Sakatariya ta buɗe kundin, ta duba layi biyu. Sannan ta ɗan karkatar da allon zuwa bango.

"Me kike ɓoyewa?" in ji Injiniya. "Kawo majigi! A haska a bango kowa ya gani."

"Shugaba, bari in gyara tukuna. Ma duba daga baya, ni da kai."

Baiwar Allah so take ta rufa masa asiri. Amma wanda ya riga ya hau dokin zance ba ya ganin mai miƙo masa hannu.

"A'a! Mu 'yan buɗaɗɗiyar manhaja ne. Ɓoye-ɓoye shi muke yaƙa. Mutanen nan suna da haƙƙin su ga fuskar maƙiyinsu. Haska!"

Aka tokare majigi da littafi, aka haska. Injiniya ya zaro biro ya matsa jikin bango.

"Yawwa! Kun ga wannan lambar? Ita ce adireshin ɗan kutsen. Ku ƙirga da ni. Daga huɗu da minti goma na yammacin jiya har shida saura, sau arba'in da bakwai yana buga mana ƙofa. Ku dubi naci! Amma fa jahili ne. Wallahi jahili ne na ƙarshe. Ƙofa a rufe, kana ta dukanta kamar tunkiya, ba ka da hankalin da za ka gane ba za ta buɗe ba? Irin waɗannan su ne suke kwafo umarni a intanet ba su san ma'anarsa ba. Duk ranar da na kama shi, shi da kwamfuta sai dai kallo. Sakatariya, hau sama mu ga yadda ya fara."

"Shugaba, lokaci yana tafiya."

"Na ce hau sama!"

Ta hau sama. Dattijo mai gyaran rediyo ya gyara tabarau, ya shiga karantawa da ƙarfi, a hankali, yadda yake karanta lambar batir.

"Ƙarfe huɗu da minti biyar. Lambar nan dai ta ɗazu. Ta shigo da suna... tushe. Kalmar sirri daidai, bugu ɗaya. Huɗu da minti tara, tushe ya ba da umarni a rufe kowace ƙofa." Ya cire tabarau. "Shugaba, wannan kam na gane. Ko shi ma kada in ce na gane?"

Idanu duka suka koma kan Injiniya. Da wani mutum ne daban, da ya nemi ƙasa ta tsage ya shige. Amma tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, Injiniya kuwa gwani ne a wannan naɗi.

"Kun ga girman hatsarin? Har sunana suka sata! Har lambar gidana! Wannan aikin ƙwararru ne."

"Ɗazu ka ce jahili ne," in ji direba.

Yaya ta riƙe ƙugu. "Ikon Allah. Jiya da la'asar na kira ƙanwata muna gaisawa, ina jin wani a bayanta yana ta ihu, buɗe mana, ni ne, ni ne fa. Ashe masu kutsen a falon ƙanwata suka sauka. Kuma har Hausa suke ji."

Ana cikin haka Sakatariya ta goge layin nan guda, ta sake tayar da sabar. Goma saura minti goma sha bakwai shafin jarrabawa ya buɗe a kwamfuta ta farko, sai ta biyu, sai duka. Tela ta rungume Sakatariya. Injiniya ya koma bakin ƙofa yana yi wa ɗalibai fatan alheri ɗaya bayan ɗaya, yana cewa, "Ku rubuta hankali kwance, mun fatattake su."

Ɗaki bai kuɓuce mana ba. Bayan jarrabawa Yaya ta ja Sakatariya ofis suka rufe ƙofa na ɗan lokaci, ba mu san me suka tattauna ba. Injiniya ma ba wanda ya taɓa masa muƙami ko ɗaya. Wa zai karɓa? Wa yake da kwat ɗin?

Da Asabar ta zagayo, kujeru goma sha biyar suka yi kaɗan, har ɗaliban Yaya sai da suka zo suka tsaya a jikin bango. Injiniya ya ga cikar ɗaki, ya ce gaskiya ta fara shiga mutane. Taken laccar ranar shi ne yadda muka daƙile harin ranar Lahadi. Ya yi minti arba'in yana bayani, sannan ya ce zai nuna mana a aikace yadda ake gina katangar da ba ta da kuskure.

A Linux akwai wata 'yar kalma, sudo. Kai da kake da izini, in ka sa ta a gaban umarni, kamar ka ce wa kwamfuta ne, da bakin mai gida nake magana. Injiniya ya shiga saba, majigi yana haskawa, ya rubuta kalmar da yatsa ɗaya don kowa ya gani, ya danna. Saba ta amsa da layi guda. Mai gyaran rediyo bai jira an roƙe shi ba, ya fassara wa na baya: "Ta ce wannan suna ba ya cikin jerin masu izini. Ta ce kuma za a kai rahoto."

"Yatsa ne ya zame," in ji Injiniya. Ya sake. Amsa ɗaya. Ya goge gumi ya sake na uku, ba abin da ya canza.

Sai ya juyo ya yi mana dariyar da ba ta wuce haƙora ba. "Kada wannan ya tsorata ku. Barazana ce kawai irin ta na'ura, ba inda rahoton yake zuwa. Ku gaya min, a duk ginin nan, wa za a kai wa rahoton Tushe?"

Sakatariya ta ajiye biro, ta duba wayarta da ke ta ƙugi a kan tebur.

"Ni ce, Shugaba. Guda uku sun iso. In saka su a bayanin taro?"